Yadda Za a Kalli Bidiyo Mai Digiri 360 a Cikin Jama'a Ba Tare da Takura Ba

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Bidiyo mai digiri 360 ana ɗaukarsa ne da kyamara mai ido biyu ko fiye, wadda take kama gaba da baya da sama da ƙasa a lokaci guda, sannan a ɗinke hotunan su kewaye mai kallo ta kowace fuska. YouTube ya fara karɓar irinsa a shekarar 2015, Facebook ma ya bi sahu a cikin shekarar.

Yawancin salula na zamani suna da ƴar na'ura mai gane juyi, don haka duk inda mutum ya karkata wayar, can hoton yake nufa. A ɗaki wannan abin sha'awa ne. Amma a ce an ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kai kuma kana kallonsa a tashar mota ko a fada wurin shan shayi. Idan dawakai suka ɓullo ta bayan kyamara, sai ka juya da jikinka gaba ɗaya, wayarka a ɗage, ta fuskanci dattijo ko matar aure da ke gefenka, kuma babu wanda zai yarda cewa ba hotonsa kake ɗauka ba. Wannan, a ganina, ya fi ciwon wuyan da yawan juye-juye ke jawowa zama matsala a wurinmu.

Mataki mafi sauƙi shi ne a ajiye wayar a kan cinya a riƙa jan hoton da yatsa, domin manhajojin kallo sun ba da wannan dama. Masu bincike kuma sun gwada ninka juyi, ta yadda ɗan karkata kai kaɗan zai juya hoton da yawa, da kuma barin manhajar ta kawo muhimmin abin da ke faruwa gaban mai kallo a hankali. Kalmar "a hankali" tana da muhimmanci, saboda idan ido ya ga motsi alhali sashen kunne na ciki mai kula da daidaiton jiki bai ji shi ba, jiri da tashin zuciya suke biyo baya.

Gilashin da ake ɗaurawa a fuska ya fi wuyar sha'ani, domin yana rufe ido ruf, mutum bai san wanda ya matso kusa da jakarsa ba. Shi ya sa gilasai irin su Meta Quest 3 na 2023 da Apple Vision Pro na 2024 suke nuna wa mai sanye da su kewayensa ta kyamarorin waje. Tsadarsu dai ta sa ba su ne damuwar yawancinmu ba.

Babban nauyin yana kan mai ɗaukar bidiyon. Ya kafa kyamara a wuri ɗaya daidai tsayin ido, kada ya yi gudu da ita, kuma ya tsara aikinsa yadda abin da ake son a gani zai riƙa faruwa a gaba. Idan bayan fagen babu abin kallo, tsarin VR180 da Google ya fito da shi a 2017, mai ɗaukar rabin zagaye kawai, ya wadatar, kuma hotonsa ya fi fitowa tangaran tun da ba a shimfiɗa shi a kan cikakken zagaye ba.