Majalisar Ƙauye a Ingila: Ƙaramin Iko, Tulin Ƙorafi

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu bar Landan da hayaniyarta, mu nausa karkarar Ingila, mu ga wa ke riƙe da ƙauye.

Ku dubi wannan allon sanarwa mai murfin gilashi da ke jikin zauren taron ƙauye. Takardar da aka liƙa a ciki ajandar zaman majalisa ce, kuma doka ce ta wajabta a liƙa ta cikakkun kwana 3 kafin ranar zama. Me ke ciki? Ramin da ya ɓullo a hanya, kashin karnuka a filin wasan yara, shingen wani da ya yi tsawo har ya tare hanyar ƙafa, sai kuma wani kamfani da ke son gina gidaje a gonar bayan coci. Kada ku raina su. A kan irin waɗannan ne maƙwabta ke daina gaisawa.

Majalisar ƙauye ita ce matakin mulki na can ƙasa, kuma akwai irinta wajen 10,000 a Ingila, idan aka haɗa da na ƙananan garuruwa. Ba gadonta ake yi kamar dagaci ko mai unguwa ba, zaɓe ake yi duk shekara 4. A da, kwamitin coci ne ke kula da al'amuran ƙauye, inda limamin coci da manyan masu gonaki ke da ta cewa. A 1894, zamanin firaminista Gladstone, aka yi dokar da ta raba harkar mulki da ta coci, ta miƙa wa zaɓaɓɓu. Wani abin lura, dokar ta bai wa mata damar tsayawa takara a waɗannan majalisu tun kafin a ba su ƙuri'ar majalisar dokoki a 1918.

Kansilolin ba sa gaza 5, kuma akasari ba su da albashi. Galibi mutum ɗaya ake biya, wato akawu, wanda ke rubuta bayanan zama, ya amsa wasiƙu, ya riƙe littafin kuɗi, sau da yawa na 'yan sa'o'i kawai a mako. Kuɗin aiki kuwa daga harajin gida yake fitowa. Majalisar za ta zauna ta ƙayyade abin da take bukata a shekara, majalisar gunduma ta ɗora shi a kan takardar harajin kowane gida, ta karɓo, ta miƙa mata. Kowa na iya shiga zaman ya saurara, albarkacin wata doka ta 1960 da Margaret Thatcher ta gabatar tun tana sabuwar 'yar majalisa. Kuma an hana su zama a wurin da ake sayar da giya, sai fa in babu wani ɗakin da ya dace.

To ga inda gizo ke saƙar. Yawancin abin da ke ci wa mutanen ƙauye tuwo a ƙwarya ba ya hannun wannan majalisa. Gyaran titi da tallafin motar bas na majalisar lardi ne. Izinin gini na majalisar gunduma ne, ita ta ƙauye sai dai a ji ra'ayinta, a ɗauka ko a ajiye. Amma ita ce ke kusa, shugabanta kuma da shi ake haɗuwa a kanti, don haka a kansa ake sauke fushi. Wanda ya ga bidiyon zaman majalisar Handforth da ke lardin Cheshire, wanda ya karaɗe intanet a farkon 2021, ya ga yadda dattawa ke ɗaga murya a Zoom suna gardamar wa ke da ikon jagorantar zama. Duniya ta yi dariya, amma akawun ƙauyuka da yawa ba su ga baƙon abu ba.

Abin da ke hannunta ƙanana ne: kujerun hutawa, rumfar jiran bas, filin wasa, maƙabarta, kwandon shara, da filayen lambu da ake bai wa mazauna haya su shuka dankali da kabeji. Wannan na ƙarshe ma tsohuwar doka ce ta 1908: idan masu zaɓe 6 suka rubuta suna neman fili, dole majalisar ta duba buƙatarsu. Batun gudun motoci kuwa, 'yan sa kai ne ke sanya riguna masu ƙyalli su tsaya bakin hanya da na'urar auna gudu. Ba su da ikon cin tara. Lambar motar da ta wuce mil 30 a sa'a suke rubutawa, 'yan sanda su aika wa mai ita wasiƙar gargaɗi.

Inda ƙauyen Ingila ya fi burge ni shi ne yadda yake ceto abin da kasuwa ta yasar. Da wayar hannu ta kashe kasuwar jajayen rumfunan tarho, kamfanin tarho na BT ya fara sayar wa al'umma kowace rumfa a kan fam 1. A ƙauyen Westbury-sub-Mendip na lardin Somerset, a 2009, suka jera katakai a ciki suka mayar da tasu ɗakin karatu: ka ajiye littafi, ka ɗauki wani. Wasu ƙauyukan na'urar farfaɗo da bugun zuciya suka sa, saboda motar asibiti na daɗewa kafin ta iso.

Haka batun mashaya. A can, mashayar ƙauye ita ce dandali, nan ake cin abinci, a yi hira, a ji wanda ba shi da lafiya. A ƙauyen Hudswell na Arewacin Yorkshire, tasu mai suna George and Dragon ta rufe a 2008. Mazauna suka haɗa kuɗi, kowa ya sayi hannun jari, suka sake buɗe ta a 2010, da ɗan kanti da ɗakin karatu a ciki. Shekara ɗaya bayan nan, wata doka ta 2011 ta ba al'umma damar yi wa irin wannan gini rajista, ta yadda in mai shi zai sayar, za a iya dakatar da cinikin har wata 6 don su nemo kuɗi. Sai dai dokar ba ta tilasta masa ya sayar musu ba.

Rigimar da ta fi zafi ita ce ta gidaje. Masu kuɗi daga birni suna sayen gidajen ƙauye don hutun ƙarshen mako, farashi ya yi sama, ɗan ƙauyen da aka haifa a nan ya kasa samun wurin da zai ajiye iyali. Yara su ragu, makarantar firamare ta shiga haɗarin rufewa, bas ya rage zuwa. Amma da an ce za a gina sabbin gidaje, sai zauren taro ya cika da masu cewa ba a yarda ba. Su wa ke da lokacin zaman ƙarfe bakwai na yamma? Galibi 'yan fansho masu gidan kansu. Matashin da ke haya yana wurin aiki ko yana renon yara. A ƙauyuka da yawa ma ba a samun isassun 'yan takara, sai kansilolin da ke nan su ɗauko wanda suka sani su cike gurbi. A ganina, wannan ne babban raunin tsarin.

Dokar 2011 ɗin ta ba su wani makami: ƙauye zai iya rubuta nasa tsarin gine-gine, a kaɗa masa ƙuri'ar raba gardama, in ya wuce, dole gunduma ta yi aiki da shi. Mai irin wannan tsari yana karɓar kashi 25 cikin 100 na wani haraji da ake ɗora wa magina, maimakon kashi 15. A 2016, mutanen garin St Ives da ke bakin teku a Cornwall suka yi amfani da shi, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince cewa duk sabon gida sai dai a sayar wa wanda zai zauna cikinsa dindindin. Wani kamfanin gine-gine ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Tsofaffin gidaje kuwa sharaɗin bai shafe su ba, sai dai daga Afrilun 2025 an bai wa manyan majalisu irin na gunduma ikon ninka harajin gida a kan duk gidan da mai shi ya ajiye don hutu kawai.