Hirar Wusasa: Daɗewa Hujja Ce?

LADI: Jama'a barkanmu da yamma. Tun ranar Lahadi wayata ba ta huta ba a kan gardamar nan ta zumuntar matasa, wato ko daɗewar addinin Kirista hujja ce cewa gaskiya ne. Yaya Ishaya, kai ka tayar da ƙurar.

ISHAYA: Ni Ayyukan Manzanni sura 5 kawai na karanta. Da aka kawo manzannin Yesu gaban majalisar Yahudawa, malamin Attaura Gamaliyel ya tuna wa majalisar wani Tudas, mai mabiya wajen 400. Aka kashe shi, suka watse. Yahuda Bagalile ma haka. Ya ce in abin na mutum ne zai rushe da kansa. To ga mu Kirista nan har yau.

BULUS: Tsaya, Yaya. Joseph Smith, wanda ya kafa ɗarikar Mormon, fa? An kashe shi a Amurka a 1844, mabiyansa kuwa suna nan miliyoyi. Daɗewa kaɗai ba ta isa hujja ba.

ISHAYA: Gaskiyarka, shi ya sa ban tsaya nan ba. Mutane suna mutuwa saboda abin da aka gaya musu. Amma su Bitrus ba ji suka yi ba, cewa suka yi sun ga Yesu da idonsu bayan ya tashi daga matattu, har sun ci abinci tare. Wa zai miƙa bayansa a zane shi da bulala a kan ƙaryar da shi ya ƙirƙira? Duba 1 Korantiyawa 15, Manzo Bulus ya ce 'yan'uwa fiye da 500 suka gan shi lokaci ɗaya, yawancinsu kuma suna da rai. Wato je ka tambaye su.

LADI: Bulus, takwaranka ke nan, wanda ya kai har Roma. Kai kuwa Samaru ma sai an biya maka kuɗin keke.

BULUS: Sau ɗaya fa, Ladi! Kuma ruwa ake yi.

LADI: Ruwa a watan Janairu?

BULUS: To hazo ne. Hazon ma ai yana jiƙa mutum.

LADI: Ƙosan da ka ce za ka sayo a PZ, shi ma hazon ya cinye?

ISHAYA: Ku bari mana. Abin da ya fi taɓa ni, mata ne suka fara shaida kabarin wofi, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi. Mai shirya ƙarya da maza zai fara. Tacitus kuma, marubucin Romawa da ba ya ƙaunar Kirista, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a ƙarƙashin Bilatus. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma ba su yarda an gicciye shi ba. A nan muka rabu, kuma da mutunci nake faɗa musu.

BULUS: Ka ce za mu rufe da labarin Isawa, Hausawan da suka ɗaukaka Annabi Isa, da Kiristocin ƙauyen Gimi da ciwon barci ya cinye, da zuwan ɗan mishan Likita Mila...

LADI: Ga mawaƙa can sun fara shiga cocin St. Bartholomew, kuma makullin yana jakata. Sai mako mai zuwa, jama'a.