Li Bing, Kogin Min da Burin da Ba Ya Kokawa

Kogin Min yana lardin Sichuan na ƙasar Sin. A zamanin da, in ƙanƙarar duwatsu ta narke sai ya tumbatsa ya cinye gari da gona, ga kuma filayen Chengdu a gabashinsa suna neman ruwan noma.

Wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa, gwamnan yankin, Li Bing, ya ƙudurta magance matsalolin biyu a lokaci guda, a wurin da ake kira Dujiangyan a yau. Buri ne babba. Amma bai tare kogin da madatsa ba.

Ya sa aka saƙa dogayen kwanduna na gora, aka cika su da duwatsu, aka jera a tsakiyar ruwa har suka zama tudu mai kama da bakin kifi. Tudun ya raba kogin biyu: reshen ciki mai zurfi da ƙunci, reshen waje mai faɗi marar zurfi. Da rani, wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan yakan bi ta ciki ya nufi gonaki. In ambaliya ta zo, mafi yawansa sai ya kwarara ta waje. Zubin ƙasan kogin ne da kansa ke yin rabon, kuma wannan dabarar ce ta fi burge ni.

Saura dutsen Yulei da ya tare wa ruwan hanyar zuwa gonaki. Lokacin babu albarushi, sai suka riƙa hura wuta a jikin dutsen, su kwara masa ruwan sanyi, ya tsage, su kwashe. Shekara 8 aka yi kafin a buɗe mashigi mai faɗin kusan mita 20.

Kusa da nan dutsen Qingcheng yake, ɗaya daga cikin wuraren da addinin Tao ya kafu. Babban littafin addinin, Dao De Jing, mai babi 81, wanda ake danganta wa wani malamin zamanin da mai suna Laozi, yana yabon ruwa saboda yana amfanar komai ba tare da jayayya ba. Shi ya sa wasu ke ganin koyarwar Tao tana kashe himma. Ban yarda ba. Mutumin da ya fasa dutse da wuta da ruwa ba rago ba ne. Ya dai san inda ƙarfi ke aiki da inda zai tashi a banza. Mu kuwa sau da yawa mukan so sana'a ko karatu su bi lokacin da muka yanka musu, tun ba mu san halinsu ba, in suka ƙi mu ce ba mu da sa'a. Wannan yana damuna ƙwarai, don na ga masu hazaƙa sun gaji a haka.

Babi na 64 na littafin ya yi gargaɗin cewa mutane kan lalata aiki daf da kammala shi. A Dujiangyan, ba a taɓa ɗaukar aikin a matsayin gamamme ba. Duk shekara, in ruwa ya janye da hunturu, ana yashe rairayi da tsakuwa. An binne sandunan ƙarfe a ƙasan reshen ciki don masu yasa su san zurfin da za su kai. Har yau ruwan yana shayar da filayen Chengdu, kuma a 2000 UNESCO ta sa wurin tare da Qingcheng cikin jerin kayan tarihi na duniya.