Zazzaɓin da ya ƙi sauka: tsakanin mura da cutar Kawasaki

Hunturu ya shigo Kaduna, kowane gida tari da majina. Ga yaro ɗan shekara uku, kwana biyar ke nan jikinsa zafi rau. An sayo maganin maleriya a kyamis, ya sha, shiru. Idanu sun kaɗa sun yi jawur amma babu kwantsa, leɓe ya tsattsage, tafin hannu ya kumbura, ga kaluluwa a wuya. Kaka ta duba ta ce ƙyanda ce.

Mai yiwuwa ba ita ba ce. Akwai cutar da ake kira Kawasaki, sunan likitan yara na Japan, Tomisaku Kawasaki, wanda ya bayyana ta a 1967. Jijiyoyin jini take kumburawa, ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin tsoron shi ne jijiyoyin da ke shayar da zuciya: in ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin yara huɗu jijiyar takan buɗe ta yi ƙululu.

To ina ruwan mura? Har yau masana ba su kama ƙwayar da ke haddasa Kawasaki ba, amma sawun ya nufi cututtukan numfashi. A Japan ta fi yawa lokacin sanyi, ta kuma ɓarke kamar annoba a 1979, 1982 da 1986. Da korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, aka sa takunkumi, sai masu kamuwa da Kawasaki suka ragu sosai. A shekarar ce kuma likitocin Bergamo a Italiya suka ga yara da wani ciwo mai kama da ita, makonni bayan korona ta ratsa garin.

Zargin dai shi ne, bairos ke tsokana, garkuwar jikin wasu yara kuma ta wuce gona da iri, ta huce a kan jijiyoyinsu. Ba kowace mura ba ce, iyaye, ku kwantar da hankali.

Amma kwanaki nake so ku ƙirga. Akwai maganin garkuwa da ake ɗurawa ta jijiya, ya fi aiki cikin kwana goma na farko. In zazzaɓi ya cika kwana biyar da waɗannan alamu, a bar kyamis, a nufi likitan yara a asibitin Barau Dikko ko na Shika, a tambaye shi batun hoton zuciya.