Umarni Ɗaya, Saba Dubu: Yadda Ake Sarrafa Kwamfutocin Gajimare Daga Nesa

Barkanmu da sake haɗuwa. Yau da labarin wata asara za mu fara.

Ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya tafka asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45 kacal. Saba takwas ke gare su, wato kwamfutocin da ke gudanar da cinikinsu. Ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhaja a kan bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa. Da kasuwa ta buɗe, sai ta takwas ɗin ta farfaɗo da wani tsohon tsari da aka daɗe da jinginewa, ta yi ta antaya odar saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Guda takwas ke nan fa. To ina ga mai ɗari takwas?

Saba dai kwamfuta ce da ke aiki dare da rana. In an ce tana gajimare, ana nufin tana can cikin wani katafaren gini na Amazon ko Microsoft ko Google, kai kuma haya kake yi. Ba ta da allo, ba ta da madannai, ba za a ma bar ka ka shiga ginin ba. Duk abin da kake so ta yi, sai dai ka aika mata da umarni.

Sananniyar hanyar aikawa ita ce SSH. Kafin zuwanta, da Telnet ake shiga, wadda ke tura kalmar sirri a fili, duk wanda ya laɓe a kan hanya ya karanta. A 1995 aka yi irin wannan satar a cibiyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finlan, sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH domin a riƙa lulluɓe duk abin da ke kai-komo. Kowace hanyar shiga saba da ƙofarta mai lamba, ita SSH ƙofa ta 22 aka ba ta, tsakanin 21 ta FTP mai tura fayiloli da 23 ta Telnet, kuma har gobe nan take.

Yawancin masu koyo sun ɗauka SSH ta shiga ce a zauna ana rubutu. Ba dole ba ne. Kana iya rubuta ssh, da sunanka, da adireshin sabar, ka liƙa umarnin a ƙarshe. Za ta shiga, ta aiwatar, ta dawo maka da amsa, ta rufe. Kuma tana dawowa da wata 'yar lamba: sifili na nufin komai ya tafi daidai, duk wata lamba daban kuwa akwai matsala. A kan wannan 'yar lambar aka gina komai, don da ita wata manhajar ke gane ko ta ci gaba ko ta ja birki, ba sai mutum na zaune ba.

Sai dai in ba kowa a zaune, wa zai rubuta kalmar sirri? Nan makullai suka shigo. Ana ƙirƙirar su biyu a tare. Ɗaya na fili ne, shi ake ajiyewa a sabar. Ɗayan na sirri, yana wurinka, ba ya fita ko nan da can. Sabar kan jarraba ka da abin da mai makullin sirrin kaɗai zai iya sa wa hannu. Shawarata, da zarar makulli ya yi aiki, ka kashe shiga da kalmar sirri kwata-kwata. Ka buɗe ƙofa ta 22 ga intanet, ka leƙa rajistar sabar washegari, za ka tarar da manhajojin ɓarayi sun kwana suna canki-cankin kalmomi.

Idan sabobin sun yi yawa, sai a koma ga irin su Ansible, wadda Michael DeHaan ya fitar a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015. Da SSH ɗin nan take aiki. Ka ba ta jerin sabobinka, ka rubuta mata abin da kake so a fayil, ta bi su duka. Ba ta mantuwa da ta takwas.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne salon umarnin. A ce kana son saka wani layi a fayil ɗin saiti. Idan ka ce "ƙara wannan layin", aka maimaita sau uku, layi uku za ka samu, wataƙila manhajar ta ƙi tashi. Idan kuwa ka ce "tabbatar wannan layin yana nan", ko sau ɗari aka maimaita, in yana nan ba za a taɓa komai ba. Kuma maimaitawa dole ce: intanet kan yanke, saba kan sake tashi ana tsakiyar aiki. Umarnin da kake fargabar sake turawa bai nuna ba tukuna.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta juya lamarin. Maimakon ka ƙwanƙwasa ƙofar sabar, sai a zaunar da wani ɗan aike a cikinta. Shi ke leƙowa waje yana tambayar kamfanin gajimaren, akwai saƙo? A Amazon sunan abin Run Command, ƙarƙashin Systems Manager. Azure ta Microsoft ma tana da irinsa. Ƙofa ta 22 sai ta zauna a garƙame, babu makullan da za a yi ta rabawa, kuma ana rubuta wanda ya tura umarni da lokacin da ya tura. Amma kar a ruɗe, hatsarin wuri ya sauya kawai. Duk wanda ya mallaki izinin turawa a asusunka, ya mallaki sabobin, don ɗan aiken da cikakken iko yake aiki. Don haka mai kula da sabobin gwaji, a tsayar da izininsa a kan na gwaji.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Abin da ke isar da gyara ga saba dubu cikin daƙiƙu, da wannan saurin yake isar da kuskure. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani injiniyan Amazon na binciken wata matsala a S3, rumbun ajiyar bayanansu. Ya tura umarnin cire 'yan sabobi kaɗan, amma ya yi kuskure wajen shigar da bayani guda, sai aka cire da yawa. Sa'o'i wajen huɗu shafuka da manhajoji masu ɗimbin yawa suna tangal-tangal. Kuma mutumin yana da izini, ƙa'idar aikin ma ita yake bi.

Shi ya sa gogaggu ba sa sakin umarni a kan kowa lokaci guda. Ansible na da yanayin gwaji da zai nuna maka abin da zai canza ba tare da ya canza ba. Daga nan ka gwada a kan saba ɗaya, ka duba lafiyarta, sannan biyar, sannan saura rukuni-rukuni. A Run Command akwai ma'auni biyu: sabobi nawa za su karɓi umarni a lokaci guda, da kuskure nawa za a lamunta. In ba ka taɓa su ba, na farko 50 ne, na biyu sifili, wato kuskuren farko na bayyana sai a daina turawa sauran. Wasu kan ɗaga lambobin nan don gaggawa. Ni dai ban ga abin gaggawar ba.

Da ƙura ta lafa, a bayanin da Amazon ta fitar, kayan aikin ta ce ta gyara: yanzu a hankali yake cire sabobi, kuma idan cirewar za ta sa adadinsu ya gaza abin da tsarin ke buƙata, ƙin bin umarnin yake yi.