Maganar ragunan ɗan'uwanmu na Kantal

Ku yi mini haƙuri, ajandar taron ƙungiyarmu ta ɗan jira. Tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba saboda ɗan'uwanmu da ke zaune a ƙauye can yankin Kantal a tsakiyar Faransa, wanda kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa kwana gidansa. Raguna huɗu ya saya yana turka don Babbar Sallah. Ya ga fili shimfiɗe a bayan gari, ciyawa har gwiwa, sai ya kwance su. Gari na wayewa maƙwabcinsa, wani dattijo mai shanu, ya tsaya masa a ƙofa da sanda a hannu, jikinsa na ɓari. Kafin azahar magana ta kai ga magajin gari, an kama ragunan an tsare.

Filin nan da masu shi. A tsaunukan tsakiyar Faransa irin wannan makiyaya ta mutanen unguwa ce tun kaka da kakanni. A 2013 ma an sake gyara dokarta, kuma majalisar gari ce ke ba manoma wurin kiwo. Sannan ko rago ɗaya gare ka sai ka yi rajista, sai an maƙala masa lamba a kunne. Dattijon cuta yake tsoro ta shiga garkensa, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Shi ne fa mutumin da ke zuwa da tarakta ya kwashe wa ɗan'uwanmu ƙanƙara daga bakin ƙofa duk lokacin sanyi, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Yau gaisuwa ta gagara tsakaninsu.

Abin da ke ci mini rai, mu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wa a cikinmu bai tashi ya ga burtali ba? A wajen Dakoro na sha bin mahaifina gaban mai gari in dabba ta yi ɓarna: a je gona a kiyasta, a biya, a zauna a sha fura a ƙwarya ɗaya. Mu 'ya'yan wannan tarbiyya ne, me zai sa a ce ba mu san haƙƙin maƙwabci ba?

Kuɗin tsare ragunan kullum hawa yake yi, ga na likitan dabbobi. Na tambayi ma'aji, ya buɗe littafi, kunya ta kama ni. Wasu tun bara ba su zuba kuɗin wata ba. Da me za mu fitar masa da ragunan? Don girman Allah, mai bashi kada ya fita ƙofar nan yau sai ya ga ma'aji.

Rahoton ajin Hausa na yara yana kan tebur, kowa ya ɗauka. Hayar ɗaki an biya. Sauran sai zama na gaba.

In koma kan raguna. Kada wanda ya yanka layya a gareji ko bayan gida. Doka ta ce sai a mayanka mai izini, hukuncin yana kai wata 6 a kurkuku da tarar Yuro 15,000, kuma asusunmu ba zai iya ɗauka ba.

Ranar Asabar bayan asuba zan kama hanyar Kantal, in zauna da dattijon nan in ba shi haƙuri baki da baki. Ina son Alhaji ya zo saboda furfurarsa, da mutum ɗaya mai Faransanci sosai. Hajiya, a taimaka mana da kilishi mu riƙa wa dattijon. Motata da sauran wuri biyu. Wa zai ɗaga hannu?