Darasin gareji: wace irin wuta za ka sa wa tsohuwar a-kori-kura idan ka gaji da kwantak?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan da kuke gani a bayana Peugeot 404 ce, a-kori-kura, irin wadda iyayenmu suka sha lodin buhuna da ita ranar kasuwa. Injinta mai silinda huɗu ne, 1618 cc. Mai ita ya kashe mata kuɗi sosai, an sauke inji an gyara, an yi fenti, an ɗinka kujeru. Sai ya zo ya ce da ni, "Malam, na gaji da kwantak, a sa min na ilektironik." Na ce masa, Alhaji, wanne daga ciki? Ya yi shiru. To amsar wannan tambaya ce darasinmu na yau.

Kai yaro, kawo kyamarar nan kusa. Yauwa. Wannan ita ce distiributa, mai raba wuta ga fulogai, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ce delko. Kwayil kuma su ce bobin, fulogi su ce buji. Na cire hula, na cire rota. Ga kwantak nan, 'yan bakin ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa. Idan suka rufe, wutar batir ta shiga kwayil ta taru. Da sun buɗe, sai kwayil ya harba wuta mai ƙarfin dubban bolt, rota ta miƙa wa fulogin da layi ya zo kansa. A wannan inji jerin shi ne 1, 3, 4, 2. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kwantak na buɗewa sau 100 a daƙiƙa guda. Dole ya ci. Ɗan robar da ke goga kan shaf yana cinyewa, tsakanin da aka saita 0.4 na milimita ya tsuke, taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi, ya koma baya, mota ta fara nauyi da shan mai. Shi ya sa kullum ake buɗe shi ana gyara.

Yanzu ku saurara da kyau, domin a nan mutane suke zubar da kuɗinsu. Abin da ake kira mojul, wato 'yar na'urar ilektironik mai yanke wutar kwayil, kwantak da kwandansa (ɗan abin da ke rage wa kwantak tartsatsi) kaɗai yake maye wa gurbi. Amma distiributa ba kwantak kaɗai ba ce. A ƙarƙashin farantin nan akwai 'yan ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin, su ne ke gaggauta wuta idan ka taka totur. A gefe ga wannan ɗan gwangwani mai tiyo zuwa kafireta, shi kuma yana ƙara gaggauta wutar idan inji ba ya ɗauke da nauyi. Ga kuma shaf da bushin ɗinsa. Duk waɗannan, mojul bai san da zamansu ba. Idan sun mutu, ka sa mojul mafi tsada a duniya, motarka tana nan jiya-i-yau.

Saboda haka kafin ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko ka aika a sayo maka daga waje, yi gwaji uku. Kama shaf ka girgiza shi gefe da gefe. Kun ji wannan? Babu ƙas-ƙas, wasan kaɗan ne ƙwarai, ya yi. Sai ka mayar da rota ka murɗa ta da hannu ta wajen da take juyawa, ka saki. Ya kamata ta tafi kaɗan ta dawo da kanta. Idan ta ƙi motsi, ƙarafan sun kafe da tsatsa. Idan ta tafi ba ta dawo ba, sifirin ya saki. Na ƙarshe, zare tiyon nan daga kafireta ka tsotsa da baki, ka toshe da harshe. Farantin ya motsa ya tsaya a wurin. Idan kana ta zuƙar iska kamar mai shan kunu da tsinke, robar ciki ta fashe. Wannan tamu ta ci gwajin duka uku, kuma shi ya yanke mana hukunci.

Ga abin da ke kasuwa. Akwai ɗan akwatin taransista da ake haɗawa da kwantak ɗinka, ba a cire shi. Kwantak ya daina ƙonewa tunda wuta kaɗan ke bi ta kansa, amma robar tana ci gaba da cinyewa. Rabin magani ke nan, mu wuce.

Sai wanda ake sawa cikin distiributa, wanda ni na fi so ga irin wannan mota. Zobe ne mai maganaɗisu huɗu, a zura shi kan shaf, sai ɗan mojul a ɗaure shi daidai inda kwantak yake. Maganaɗisu na wucewa, mojul na yanke wutar kwayil. Ba abin da ke goga wani, ba abin da zai cinye. PerTronix na Amurka suna yi, suna kiransa Ignitor. A Ingila akwai Powerspark da AccuSpark. Waya biyu ce kawai ke fitowa, ja da baƙa. Ka rufe hula, wanda ya buɗe bonet ba zai san an taɓa komai ba, kuma ga wanda ya dawo da mota yadda take a da, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai ɗan'uwansa mai aiki da haske, irin Lumenition, inda wata 'yar farfela ke gitta hasken. Yana aiki lafiya, sai dai yana da akwati a waje, kuma ni dai ido mai son tsabta a cikin ƙurar hunturunmu, hankalina bai kwanta ba. Ra'ayina ne.

Amma fa a kula, ba da sunan mota ake sayen wannan ba, da lambar distiributa ake saye. Peugeot sun sa Ducellier, sun sa SEV Marchal, sun sa Paris-Rhône, wasu Bosch. Kuma motar da ta shekara arba'in tana yawo a hannun makanikai, wa ya san ta wacce mota ce a kanta yanzu? Goge jikin da fetur, ka karanta suna da lamba, ka ɗauki hoto.

To idan taka ta faɗi gwajin fa? Hanya biyu. Ko ka sayi distiributa sabuwa sukutum, irin 123ignition da ake yi a Holan. Ita ba ƙarafa ba sifirin, lissafi ne a ciki. Wasu suna da tsarin gaggauta wuta har 16 ka zaɓi na injinka, wasu da wayar hannu ake saita su. Abu ne mai kyau, amma da tsada, kuma ranar da ta tsaya maka tsakanin Gusau da Talata Mafara, ba mai buɗe maka ita a bakin titi. Ko kuma ka bi hanyarmu ta gida, ka nemi distiributa marar kwantak ta Peugeot 505 da aka kwance. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kayan gidan nan suka cika ƙasa, kuma injunan dangin juna ne. Sharaɗin shi ne ka ɗauko ta da mojul ɗinta da kwayil ɗinta gaba ɗaya, ka auna ta da tsohuwar ka ga ƙafarsu ɗaya, sannan ka san an tsara ta ne don wani inji, dole ka saurari naka a kan hanya. Su kuma manyan akwatunan nan irin MSD na motocin tsere, a bar wa masu tsere. A-kori-kura ba ta zuwa juyin da za ta amfana da su.

Yanzu kwayil. Wallahi yawancin mojul da aka kawo min a ƙone, kwayil ne ya kashe su. Miƙo min mita. A sa ta a kan om, a cire wayoyin kwayil, a taɓa ƙananan notina biyu. Me ta nuna? 3.1. Madalla. Ƙaramin mojul irin na maganaɗisu a inji mai silinda huɗu, om 3 yake so ko sama kaɗan. Lissafin ba wuya: bolt 12 a raba da om 3, amfiya 4 ke nan. Amma kwayil na motocin baya-bayan nan, wani 0.7 ne. Raba 12 da 0.7, ka haura amfiya 17. Ni kaina na taɓa yin wannan wauta ina sabon shiga. Na ga kwayil mai ƙyalli na ɗaura, mota ta tashi kamar sabuwa, ban kai ƙarshen layinmu ba ta mutu, mojul ya soye. Kwayil mai ƙarancin om sai mojul da aka yi dominsa, mai kayyade wuta da kansa. Takardar cikin kwali tana faɗa, a karanta ta. Kuma kada rubutun "bolt 40,000" a jikin kwali ya ruɗe ka. Fulogi na ɗaukar abin da ya ishe shi tsallake bakinsa ne kawai, sauran ado ne.

Idan kwayil ɗinka om 1.5 ne, duba kusa da shi, za ka ga farin dutse mai waya biyu, wato rezisto. Su biyun ne ke haɗuwa su ba da 3. Bar shi a wurinsa, amma jar wayar mojul ka ɗauko ta daga gaban dutsen, inda cikakken bolt 12 yake idan an murɗa makulli.

Wani abu kuma, duba kan batir ɗin da aka ɗaure a bodi. Peugeot mainos ne a bodi. Amma masu tsohuwar Land Rover ta kafin 1967, da yawansu fulos ne a bodi, sai an sayi mojul na musamman ko a kai wa mai rewaya ya juya tsarin. Juya ja da baƙa sau ɗaya ya isa ya kashe mojul. Haka nan barin makulli a buɗe inji na kashe, kana jin rediyo, yana dafa kwayil da irin mojul na farko-farko. Wayar fulogi kuma, wasu mojul ba sa shiri da mai zallar tagulla a ciki, sai mai kabon.

Bari mu ɗaura. Na kwance kwantak da kwandansa. Yaro, sa su a leda da sukurorinsu, ka jefa a aljihun gaban mota tare da sukudireba. Ba a yar da su. Mojul ba ya ciwo, mutuwar fuju'a yake yi, kuma da ledar nan cikin minti ashirin ka koma gida. Wannan farin man da ya zo a kwalin, a shafa shi ƙarƙashin mojul, shi ke janye zafi zuwa faranti. Da zafin watan Afrilu na ƙasarmu, kada ka tsallake shi. Zobe ya zauna har ƙasa. Waya kuma a bar mata ɗan sako-sako a ciki, tunda farantin na motsi, amma kada ta taɓa zoben.

Saura taimin, domin mojul ba ya yanke wuta daidai inda kwantak ke yankewa. A 404 akwai rami a jikin gidan kuloci. Ka zura ƙarfe mai kaurin milimita 8, ka juya inji da hannu a hankali har ya faɗa gurbinsa a fulawil. Nan ne wurin wuta. Na ɗiga farin fenti a fuli, na ɗiga a jikin inji daidai da shi. Faransawa daga wajen kuloci suke ƙirga silinda ta ɗaya, amma ga fitilar taimin 1 da 4 duk ɗaya ne. Yaro, zare ƙarfen nan! Zare shi ka nuna min a hannunka kafin kowa ya taɓa makulli. Yauwa.

Tayar. Kun ji? Bugu ɗaya. Tiyo a cire yake, na toshe shi, inji na silo. Na haska fuli da fitilar taimin, ɗigon ya ɗan gota, sai in sassauta distiributa in murɗa kaɗan. Kaɗan kuma. Ya hau. Ɗaure, mayar da tiyo. Yanzu za mu ɗora mata buhu biyar mu nemi hawa, in sa giya ta huɗu in taka. Idan na ji ƙil-ƙil kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wuta ta yi gaba da yawa, mu tsaya in mayar da ita baya kaɗan. Ɗauko sifana mu tafi.